Kwalbar Inna Aina'u

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Abdulrashid, ita ma ta ƙasa ce, ruwan bara ya cinye mata kai. In aka soya albasa a can, mu muke fara jin ƙamshi. Saboda haka kada wani ya ce ji-ta-ji-ta nake kawowa. Abin da ya sami Inna Aina'u a gidan ɗanta a kunnena ya faru, wani kuma a kan idona, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni na raka su ita da ɗan nata asibiti a Kano farkon damina, don matar ɗanta, Maimunat, tana jego. Ciwon daji ne ya kama ta a mama, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida har ya ratsa ƙashi. Likitar da ta duba ta, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce ciwon ya wuce aiki, amma zafinsa bai fi ƙarfinsu ba. Ta ɗauko kwalba mai ruwan magani, ta ce sunansa mofin, ta nuna mana iyakar da za a zuƙa a sirinji a ɗiga mata a baki.

"A kan lokaci za ku riƙa ba ta," in ji ta. "Kada ku jira sai ta fara kuka. In ya kusa ƙarewa ku dawo a ƙara muku."

Aka ba ta na farko nan take, bayan ɗan lokaci aka zo wanke gyambon. Da Inna ta ga nas ta jawo tire da almakashi, jikinta ya hau ɓari tun ba a taɓa ta ba. Likitar ta tsuguna a gabanta ta ce, "Inna, wane irin kiɗa kika fi so?"

Inna ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "'Yar nan, asibiti na zo ko gidan biki?"

Na ce, "Likita, ai kin sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Wannan da kike gani, a zamaninta ba a biki daga Tsanyawa har Ɗanbatta ba a kira Aina'u mai ƙwarya ba."

Nas ta lalubo waƙar amada a wayarta ta ajiye kusa da kunnen Inna. Ba a jima ba na ga yatsunta sun fara bugun ƙarfen gado. Can ta yamutsa fuska, na ɗauka zafi ne, sai na ji ta ce, "Wannan mai bin ta baya tana jan hannu. Da a gabana take da ta sha mari." Har aka gama wanki aka naɗe, faɗa take da makaɗiyar cikin waya.

Likitar ta ce, "Kun dai gani. Kiɗa ba ya maye gurbin magani, magani kuma ba ya cire fargaba. Maganin ya kwantar da ciwon, kiɗan ya ɗauke hankalinta daga zaman jiransa. Ku haɗa mata su biyun."

Malam Abdulrashid yana tsaye a bakin ƙofa, komai a kunnensa. Shi ne ɗanta na fari, shi ya sa tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yayan Fadima" take ce masa, da sunan ƙanwarsa da ke aure a Ɗanbatta. Yana da shagon taki da maganin feshi a Tsanyawa, kuma shi ne shugaban kwamitin yaƙi da shaye-shaye na ƙauyenmu, Unguwar Dinya. Ba zan rage masa komai ba, ya yi aiki a kujerar nan. Shi ya kori mai kemis ɗin da ke miƙa wa yaranmu kodin da tiramol ta taga. Sai dai tun daga lokacin hularsa ta ƙara tsawo, gaisuwarsa ta ƙara gajarta. Ya ce da likita, "In sha Allahu za a kiyaye," ya karɓi kwalbar ya sa a aljihu.

Makonnin farko kam sai hamdala. Maimunat tana ɗiga mata magani a kan lokaci, ni kuma da hantsi in na gama aikin gida sai in zagaya da wayata, wadda na sa aka cika mini da waƙoƙin amada ranar kasuwa. Matar da aka ɗauko a kwance ta dawo tana zama a gindin darbejiya, tana shan fura, tana tsokanar jaririn Maimunat tana ce masa angonta mai ƙaton kai. Baki ya dawo, tsiya ta dawo. Wata rana ta ƙare wa zanina kallo ta ce, "Tahira, wannan atamfar taki ko akuya ta gani sai ta ja da baya."

Na ce, "Lallai Inna kin warke."

Ta ce, "Ban warke ba, na san inda na dosa. Amma gara in tafi ina dariya."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yan kwamiti suka shigo dubiya. Aka ce a gyara, muka ja mayafi. Waya tana gefen tabarma tana kiɗa a hankali, kwalba da sirinji suna kan 'yar kujera. Jamil, sakatarensu, mai bakin da ba ya zama a rufe, ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta a rana ya karanta.

"Mofin? Shugaba, ai wannan shi ne kakan su tiramol! Ga kwalba, ga kiɗa, ga tabarma a inuwa. Ashe babbar majalisar a gidanka take."

Aka bushe da dariya. Inna ma ta dara, ta ce, "Zo ka zauna in sam maka, ɗan nema." Malam Abdulrashid ne kawai bai yi dariya ba.

Kafin magariba na jiyo shi ta katanga.

"Maimunat, kawo kwalbar nan."

"Lokacin shanta ya kusa, Malam."

"Na ce ki kawo. Ina ƙwacewa a hannun 'ya'yan mutane, ina ɗura wa uwata? Gobe da wane baki zan tsaya gaban yaran nan?"

"Likita ce fa ta bayar."

"Likita ba ita za ta kwanta mata a kabari ba."

Ya kulle kwalbar a akwatin ƙarfe a ɗakinsa, ya haɗa makullin da na babur. A madadinta ya kawo farasitamol da man habbatussauda da ruwan tofi. Washegari da na zo da wayata, a zaure ya tare ni, yana gyara hula.

"Maman Sadiya, a yi haƙuri, an daina kiɗa a gidan nan."

Na ce, "Malam, kana tsaye fa likita ta yi bayani."

"Ina tsaye. Su likitoci jiki suka sani. Tsohuwar nan ta kwashe shekaru tana bin gidajen biki da ƙwarya, yanzu ta zo gaɓar da ya kamata kunnenta ya ji abin da zai amfane ta. Gata nake mata."

"To a sa mata karatu, a kuma ba ta maganinta. Ina abin ya haɗu?"

"Ciwo kankarar zunubi ne. Kada mu tare mata alheri da hannunmu."

Mutumin nan ko haƙori ne ya motsa masa, duk unguwa sai ta sani. Inna kuwa, tun da na san ta, salla ba ta wuce ta, carbi ba ya barin hannunta, karatun Alƙur'ani ma ita take cewa a ƙaro mata murya in ana yi a rediyo. Amma ba karatun ya sa mata ba. Ya sayo 'yar sifika ya rataye a ƙusar ɗakinta, ya cika ta da wa'azin azabar kabari, ya ce a bar ta a kunne. Matar da ƙashinta ke cin wuta, ita ake ba labarin azaba safe da yamma.

Ba a kwana biyu ba ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi na da. Da farko nishi ne, irin na mai ɗauke da dami. Daga nan ta daina fitowa gindin darbejiya. Ta kasa kwanciya ta dama, ta kasa ta hagu, sai a jingine ta da bango a tara mata filo. Fura ta koma ana kawowa ana mayarwa. In za a wanke gyambon, Maimunat da ni muke danne ta, tana cizon bakin zani don kada maza su ji ta a waje. Da zanin ya daina isa, sai ta fara kiran uwarta, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba.

Na ce da Maimunat, "Ke kina gani za ki yi shiru?"

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Yaya Tahira, ni fa aure nake. Na yi magana sau ɗaya ya ce in na gaji da zaman gidan in faɗa. Makullin kuma yana jikin na babur, tare suke fita tare suke dawowa. Ya zan yi?"

Wata safiya ina shanya a tsakar gidanmu sai na ji muryar Inna ta tsallako katanga, a shaƙe. "Tahira, yau ba kya daka ne?"

Na gane abin da take nufi. Na jawo turmina har jikin katanga, daidai bayan ɗakinta, na zuba gero, na leƙa na kira matan maƙwabta biyu. Muka kama lugude irin na da, wanda matan yanzu suka bar wa injin niƙa. Wannan ta buga, waccan ta buga, ta uku ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ba mu yi nisa ba na ji nishin Inna ya fara bin bugun turmi. Can sai ga muryarta, "Ke ta tsakiya, saki hannu mana! Tuwo kike tuƙawa?" Muka yi dariya har da hawaye.

Ba zan yi ƙarya ba, lugude bai cire mata ciwo ba. Muna ajiye taɓare yake dawowa inda ya tsaya. Ba tare da maganin ba, numfashi kaɗan kawai yake saya mata. Amma wannan kaɗan ɗin shi take jira tun asuba, don haka kullum da hantsi muna jikin katanga. Na daka gero, na daka dawa, na daka kuka da kuɓewar da ba na bukata.

Abdulkabir, maigidana, ya dawo daga gona wata rana fuska a ɗaure. Ya ce Malam Abdulrashid ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce matarsa ta mayar masa da bayan gida dandali.

"Daga yau a kai inji," in ji shi.

Na ce, "Yajin ma inji za a kai?"

"Tahira, uwarsa ce, gidansa ne. Sahu ɗaya muke tsayawa da mutumin nan sau biyar. Kina so mu riƙa haɗa kafaɗa muna gaba? Mu dai mu yi mata addu'a."

Ban daina ba. Da Malam Abdulrashid ya ga haka, bai sake yi wa kowa magana ba, ya sa aka ɗauke Inna aka mayar da ita ɗakin baya, kusa da turken awaki. Ya ce can ya fi sanyi. Ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi da buhunan taki ne, rufin kwano, da rana ya fi ko'ina zafi. Abin da ya fi shi ne nisa: nisa da katangarmu, nisa da zauren da baƙinsa ke zama. Daga ranar, ko na daka ba ta ji, ko ta yi ihu ba a ji a waje.

Fadima ta zo daga Ɗanbatta da ledar lemo da gwangwanin madara. Ta shiga ɗakin ta fito tana kuka kamar ranta zai fita. Na ja ta bayan rumbu na zayyana mata komai, na ce maganin yana nan a akwati, ko rabi ba a sha ba.

Ta je ta durƙusa gaban wanta ta ce, "Yaya, ko za a ɗan taimaka mata da na asibitin nan?"

Ya ce, "Kin fi ni son ta ne? Ke da kike zuwa da lemo ki koma?"

Ta dawo wurina ta ce, "Kin ji dai. Shi ne babba, shi ne a madadin uba. In na matsa ya ce na raina shi, zumunci ya lalace. Ga shi an ce in koma kafin magariba." Ta ɓare wa Inna lemon da ba za ta iya haɗiyewa ba, ta bi motar yamma.

Da na ga na cikin gida sun ƙare, sai na je wurin Gwaggo, matar Liman, na faɗa mata, ita kuma ta faɗa masa. Liman tsoho ne mai sanyin hali. Ya zo da sandarsa bayan azahar, ya shiga har ɗakin bayan, ya ga Inna ta dunƙule kamar ƙullin kaya, gumi yana zuba. Ya fito ya ce, "Abdulrashid, maganin da likita ya rubuta don lalura ba shaye-shaye ba ne. Allah bai ɗora mata wannan ba, kai ma kada ka ɗora mata. Ɗauko ka ba ta ina gani."

"Na ji, Malam." Nan da nan ya ɗauko, ya miƙa wa Maimunat, ta ɗiga mata.

Muna zaune muka ga jikin Inna yana saki a hankali. Yatsun da suka kwana suka wuni a dunƙule suka buɗe. Ta sauke ajiyar zuciya, barci ya ɗauke ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar Juma'ar nan. Liman ya yi addu'a ya tafi. Aka kira la'asar tana barci. Sai gab da magariba ta farka, ta nemi a miƙo mata dutsen taimama, ta rama sallarta a jingine, ta ja carbi, ta ce ko akwai kunu.

Na yi zaton magana ta ƙare. Sai ga Malam Abdulrashid a bakin ƙofa, kwalba a hannu.

"Kun gani ko? Ya gusar mata da hankali har la'asar ta wuce ta. Da a cikin wannan barcin ajali ya zo fa? Wa zai laƙƙana mata kalmar shahada ta amsa? Ni ba zan bari uwata ta cika a buge ba. Da hankalinta za ta tafi."

Na ce, "Malam, barcin gajiya ne. Ga ta nan ta tashi ta yi salla da bakinta."

"Maman Sadiya, an gode da ɗawainiya."

Akwati ya sake rufuwa. Da Liman ya tambaye shi a masallaci, sai ya ce alhamdu lillahi, ana kiyayewa. Liman kuwa ba mai bin diddigi ba ne.

Gero ya nuna, aka shiga girbi, gari ya cika da ƙamshin tumu. Inna ta koma ƙashi da fata. Muryarta ta dushe saboda ihu, sai wani sauti take yi kamar ana jan ƙofar kwano. Ranar kasuwar Tsanyawa na shiga da kunu da safe, na tarar da Malam Abdulrashid ya leƙo gaishe ta kafin ya fita, makullai a hannu. Ya juya zai tafi, ta miƙa hannu ta kama bakin rigarsa.

"Yayan Fadima, ka ba ni maganina."

"Inna, ki ƙara haƙuri. Kowane nishi da kike yi ana kankare miki. Shekarun nan da kika yi da ƙwarya..."

"Da ƙwaryar na yi maka kaciya. Da ita na saya maka allo, da ita na yi maka aure. Zunubin da ka ci ka ƙoshi, ni kaɗai zan biya?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, "Kin san abin da na sha ina yaro? Duk inda na bi, ɗan mai ƙwarya, ɗan mai ƙwarya. Sai yanzu da na samu mutane suke tashi in na shigo, a ce kuma..."

Bai ƙarasa ba. Inna ta ɗago ido ta dube shi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife shi.

"Abdulrashid."

Maimunat ta saki kofin da ke hannunta. Matar da ko wani yaro mai irin sunan ya gifta sai ta ce masa "mai sunan Yaya", yau ta ajiye kunyar shekara arba'in da wani abu a ƙasa.

"Abdulrashid, na kira sunanka. Don Allah, don Annabi. Ɗigo ɗaya."

Ya daɗe a tsaye. Ya dubi makullan da ke hannunsa. Wallahi na ɗauka ɗakinsa zai nufa. Sai ya sa hannu ya zare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wata rana za ki gode mini, Inna." Muka ji tashin babur.

Ba ta sake roƙonsa ba. Ba ta sake yi wa kowa magana ba ma.

Ranar da za ta cika, da hantsi ne, Maimunat ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na tarar da Malam Abdulrashid zaune a kanta, ya kai baki kunnenta yana maimaita kalmar shahada. Inna idonta a buɗe, haƙoranta a datse, jikinta yana sandarewa yana saki. Ba ta ganinsa, ba ta jinsa, ciwon ya cika ko'ina bai bar wa komai wuri ba.

"Inna, ki faɗa. Inna, ki bi ni. Inna!"

Ya faɗa da lallashi, ya faɗa da ƙarfi, ya faɗa yana kuka. Muƙamuƙinta bai buɗe ba. Ni ba na shakkar abin da ke zuciyar baiwar Allah nan, na ji shi a bakinta ba adadi, har da yammacin da aka ba ta ɗigo ɗaya ta farka ta ja carbi. Amma abin da ya hana ta magani dominsa, bai samu ya ji ba. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki ina jiyo shi daga zaure yana amsa gaisuwa. "Alhamdu lillahi, da hankalinta ta cika, ko ɗigon abin maye babu a jikinta." Mutane suna cewa Allah ya yi masa albarka, ya riƙe uwa har ƙarshe, samun ɗa irinsa sai an tona. Jamil ma yana ciki, ya fi kowa ɗaga murya wurin addu'a. Abdulkabir ya shigo ya ce mini an yi jana'iza mai jama'a. Na ce masa madalla.

Ranar sadakar uku aka tashi dakan gumba. Malam Abdulrashid da kansa ya fito da sabon gero, ya sa aka aro turame har da nawa, ya ce a yi sauri kafin malamai su taru. Tsakar gida ta cika da mata, babu wurin ajiye turmi sai can baya. Haka aka jera su a ƙofar ɗakin da Inna ta cika, ƙofar a buɗe, katifarta tana jingine a rana.

Muka fara daka irin na gidan mutuwa, tim, tim, ba mai magana. Ina kallon ƙofar nan. Ga turmi ya zo har bakin ɗakinta, da izinin maigida, da geronsa. Ban yi shawara da kowa ba, na cilla taɓarya sama, na tafa, na cafe. Matan da muka saba yi da su a jikin katanga suka dube ni, suka bi. Fadima ta tashi daga inda take kuka ta karɓi taɓarya a hannun wata. Kafin ka ce me, duk turamen sun ɗauka, tsofaffi suna tafi suna hawaye.

Sai ga Malam Abdulrashid ya faɗo daga zaure, babbar riga tana jan ƙasa.

"Haba! Haba jama'a! Gidan makoki ne fa! Malamai suna waje suna ji!"

Aka tsaya. Na jingina da taɓaryata na ce, "Yi haƙuri, Malam. Tun tana da rai ta tambaya, yau muka samu wuri."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a bayana. Maimunat ce ta fito daga ɗakinsa, goye da jariri. Kwana uku babur bai fita ba, makullai suna rataye a ƙusa. Ta ratsa cikin mata ba ta kalli kowa ba, ta kifa wani ƙaramin turmi a tsakiyar fili, ta ɗora kwalbar a kai. Rana ta haske ta, kowa ya ga inda ruwan ya tsaya, can sama da rabi.

Ta ce, "Malam, ga maganin Inna. Bai ƙare ba. Shi ma a sadakar za a raba, ko a mayar akwati?"

Gwaggo matar Liman ta dubi kwalbar, ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga zaure wani yana kira, "Shugaba, ana jiranka a yi fatiha." Shi kuwa idonsa yana kan kwalbar.

Geron bai daku ba tukuna. Na gyara tsayuwa, na cilla taɓarya sama.